Kunnuwan kamfani a masaƙar Loray

Wannan makon za mu leƙa Gastoniya, garin masaƙu a jihar Karolina ta Arewa, Amurka. A farkon 1929 Fred Beal ya fara shigar da ma'aikatan masaƙar Loray ƙungiyar ƙwadago. A ɓoye ya yi, gida-gida, domin kamfani na da kunnuwa cikin ma'aikatan kansu: wanda kuke saƙa tare, shi ke kai sunanka ofis. Da aka kori 'yan ƙungiya biyar, kimanin ma'aikata 1,800 suka shiga yajin aiki ranar 1 ga Afrilu.

Abin da ya ƙara wa gulmar dafi, gidajen ma'aikata na kamfani ne. Sunanka na isa ofis, aiki ya tafi, ɗaki ya bi shi. A watan Mayu aka watso kayan iyalai waje. Sai a 1936 kwamitin Sanata La Follette ya fara tono yadda kamfanonin Amurka ke hayar 'yan leƙen asiri, irin na Pinkerton.

Mu nan Achika, in mun zauna rubuta labarin masaƙa, irin na Bompai ko Kakuri, mugun manaja muke fara zanawa. Maƙwabcin da ke karɓar ladan tsegumi, alhali shi ma da bakuna a gida, har yau ba mu ba shi babi ko ɗaya ba.