Zare da Igiya

Ranar da nake kwashe takarduna bayan na yi ritaya, wata ɗaliba ta tsinci wata tsohuwar takarda da na rubuta PARJ(2) = 0.3 a kai da jan biro. Ta ce, "Malam, ai wannan kwamfuta ce ke daidaita shi." Na ajiye kwalin na zauna.

A zamaninmu ba ka taɓa wannan lamba a manhajar JETSET sai ka kare ta a gaban allo. Malamina, Allah ya kai haske kabarinsa, yakan miƙo alli ya ce ka fara daga Schwinger, 1951, ka bi ta kan Casher da Neuberger da Nussinov na 1979, har ka nuna dalilin da ya sa zaren launi mai taurin GeV 1 a kowace femtomita, in ya tsinke, yake haifar da baƙon kwak wajen sau uku kacal a duk goma na kwak u. In ka tsaya kame-kame, sai ya goge allon ya tafi shan kofi. Sau biyu ya goge mini. Ya rasu bai taɓa buɗe sabuwar manhajar PYTHIA 8 ba, don ya ce shi da Fortran mutu ka raba.

Mutanen Lund, su Bo Andersson da Gösta Gustafson, su suka ba mu zaren. A 1984 Biro da Nielsen da Knoll suka ce in zaruruwa suka cunkushe wuri guda sai su tufku su zama igiya. Taurin igiya ya fi na zare, don haka kwak masu nauyi za su ƙaru. Kowa ya amince, amma da sharaɗi: wannan zancen karon dalma ne ko zinariya. Furoton da furoton kuwa ma'auni ne kawai.

Na tuna wani taro da na ce a gwada igiya a furoton. Shugaban zaman ya duba agogo. Ko tambaya ɗaya ba a yi mini ba, kuma wannan shirun ya fi zagi ciwo.

Injin LHC ya fara karo a 7 TeV a 2010. A 2017 masanan ALICE suka wallafa cewa a karon furoton ma, gwargwadon yawan ƙwayoyin da suka fito, gwargwadon ƙaruwar kason baƙin kwak, kuma ƙwayar Omega mai ɗauke da baƙin kwak uku ta fi kowa tashi. Ashe 0.3 ɗin nan ba a kafe take ba. Har yanzu ana gardama ko igiya ce sanadi ko ɗigon filasma, ni dai na san ɓangarena.

Na ba ɗalibar takardar. Alli ya ɓace daga sashen tuntuni, sai na miƙa mata jan biron na ce ta fara daga Schwinger.