Wayar da Kai kan Ciwon Sukari a Yammacin Zamfara: Darasi daga Duza

Ciwon sukari yana samuwa ne idan jiki ya kasa samar da isasshen sinadarin insulin, ko ya kasa amfani da wanda yake samarwa, sai sukari ya taru a cikin jini. Nau'i na biyu, wanda ya fi kama manya, shi ke damun fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu cutar. Ƙididdigar ƙungiyar ciwon sukari ta duniya, IDF, ta shekarar 2021 ta nuna cewa manya miliyan 24 ne ke ɗauke da ita a yankin Afirka, kuma fiye da rabinsu ba su san suna da ita ba. Wannan rashin sani shi ne babbar matsalar ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Gummi da Bukkuyum.

Alamomin ba ɓoyayyu ba ne: yawan fitsari, ƙishirwa marar ƙarewa, rama ba dalili, da kiyashi da ke taruwa inda mutum ya yi bawali. Sai dai a karkara akan ba su wata fassara. Manomi ya taka ƙaya a gona, da yake cutar ta kashe masa jijiyoyin ƙafa bai ma ji zafi ba, har wurin ya zama gyambo. A ce jifa ne ko sammu, a yi ta jiƙo da turare. Kafin a kai shi Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau ko asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, sau da yawa ƙafar ta riga ta lalace. Gwajin da zai hana wannan kuwa ɗigon jini ne daga yatsa: idan awon ya kai 126 mg/dL kafin karin kumallo, kuma aka sake samun haka, cutar ta tabbata.

Nau'i na biyu yana da riga-kafi. Binciken Finland da aka wallafa a 2001 da na Amurka da aka wallafa a 2002 sun nuna cewa rage ƙiba da gyara abinci da motsa jiki sun rage kamuwa da kashi 58 cikin ɗari a tsakanin waɗanda ke dab da cutar. Amma cewa manomi ya motsa jiki minti 150 a mako, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara, ba shi ne saƙon da ya fi buƙata ba. Abin da ya fi shafarsa shi ne sukarin da ake zabgawa a koko da fura da shayi, da lemon kwalba, da yadda farar shinkafa da burodi ke ture gero da dawa da wake da zogale.

Yankin yana da gogewar da za a ɗora a kai. A 2010 gubar dalma daga niƙan duwatsun zinare a cikin gidaje ta kashe yara kusan 400 a ƙauyuka irin su Duza da Dareta da Abare a Anka, da 'Yargalma a Bukkuyum. Aikin ƙungiyar likitoci ta MSF da abokan aikinta ya karɓu ne saboda an bi ta hannun masu sarauta, kuma bayani ya zo tare da gwajin jini da magani. Akwai kuma alaƙa ta kai tsaye: dalma tana illa ga ƙoda, tana kawo hawan jini, kuma ƙodar ce ciwon sukari ke ci. Wanda ya shaƙi ƙurar niƙan waɗancan duwatsu ya fi kowa buƙatar a gano cutarsa da wuri.

Saboda haka taron ranar 14 ga Nuwamba, Ranar Ciwon Sukari ta Duniya, a babban birnin jiha ba zai wadatar ba, balle yanzu da hare-haren 'yan bindiga suka sa tafiya asibiti ta zama kasada. Huɗubar Juma'a, musamman dab da azumi lokacin da masu cutar ke buƙatar shawarar likita, da ranar kasuwa, da bakin ungozoma a cikin gidaje, su ne hanyoyin da saƙo ke isa ga mutane. Faɗakarwar da ba gwaji a bayanta tsoro kawai take haifarwa. Ya wajaba Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Zamfara da ƙananan hukumomin uku su tanadi na'urar awon sukari da tsinkayen gwajinta a kowace ƙaramar cibiyar lafiya, su kuma haɗa awon sukari da na hawan jini a duk ƙauyen da gubar dalma ta taɓa.