Daga Zauren Malam Zuwa Ajin Firamare: Yadda Girman Malami Ya Kafu a Ƙasar Hausa

Tun kafin a san wani abu wai shi albashi a ƙasar Hausa, malami yana da cinsa da shansa da suturarsa, kuma ba daga baitulmali suke fitowa ba. Unguwa ce ke riƙe da shi. Wanda yake son fahimtar abin da ya sa dattijo mai furfura zai cire takalmi tun daga nesa ya durƙusa gaban wanda ya koya masa babbaƙu, to sai ya fara daga nan, domin ladabin da muke gani ya tsiro ne daga wani tsari na bayarwa da karɓa wanda ya ɗauki ƙarnoni yana ginuwa.

Tarihin Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Yaji, cikin ƙarni na 14, Wangarawa suka iso daga Mali ƙarƙashin jagorancin Abdurrahman Zaite, suka zo da salla da karatu. A zamanin Sarki Yakubu kuma Fulani suka shigo da littattafan tauhidi da na lugga. Sai Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya karɓi baƙuncin Shehu Magili, har ya nemi ya rubuta masa yadda ake tafiyar da mulki. Sarki mai dawaki da dakaru ya zauna yana sauraron baƙon da ba shi da komai sai littattafai, kuma talakawa suna kallo. A Katsina ma haka abin ya kasance, inda sunayen Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani suka wanzu har yau, alhali an manta da attajirai da yawa na zamaninsu.

Amma inda girman ya yi saiwa sosai shi ne makarantar allo. Uba zai kamo hannun ɗansa ya kai shi wurin malam, ya ce ga amana. Daga ranar yaron ya zama kolo. Za a wanke masa allo, a feƙe alƙalami na gamba, malam ya tsoma shi cikin tawada ya rubuta masa harufan farko. Ya bi babbaƙu, ya wuce farfaru, ya fara haɗa baƙi, a hankali ya zama titibiri, ya zama gardi. Ranar Laraba kowane yaro zai zo da abin da iyayensa suka ba shi, a da wuri ne, daga baya anini ko kwabo, ya ajiye a gefen buzun malam kafin a tashi hutun Alhamis da Juma'a. Babu wanda ke ƙirgawa a gaban jama'a, kuma ba a korar wanda ya zo hannu rabbana. Da damina almajirai su yi wa malam noma, da kaka manoman gari su aiko da zakkar hatsi, da daddare yara su tattaro kara da itace a hura wutar da za a yi karatu a gefenta. Ran da yaro ya sauke, a yi wa allonsa zayyana, a yanka rago, a dafa abinci, a kawo wa malam riga ko abin da ya sawwaƙa, yaron ya karanta a gaban dattawan unguwa.

Abin lura a nan shi ne iyaye suna ganin malamin da idonsu kullum, sun san abin da ya shiga gidansa domin su suka kai. Idan ya kwana da yunwa, kunyar ta unguwa ce. Shi kuma ya san 'ya'yan wa yake koyarwa, ya halarci sunansu, wataƙila ma shi ya raɗa musu.

Wanda ya sauke ya so ƙari sai ya koma makarantar zaure, ya ɗauki Ahalari, Ishmawi, Iziyya, Risala, har ya kai Muhtasar. A nan ba a tambayar mutum wace makaranta ya yi, ana tambayarsa wurin wa ya yi karatu. Sunan malaminka shi ne shaidarka. Shi ya sa Malam Abdullahi na Gwandu ya keɓe littafi guda, Ida'un Nusukhi, don ya lissafa malaman da shi da yayansa Shehu Usmanu suka ɗauki karatu a wurinsu. Daga irin waɗannan bayanai muka san cewa Shehu, wanda aka haifa a 1754, ya fara da mahaifinsa, ya lizimci Malam Usmanu Binduri yana koyi da halayensa, sannan ya bi Malam Jibrila ɗan Umaru har Agadas. Da Malam Jibrila ya wuce aikin hajji, Shehu ya komo gida saboda bai nemi izinin mahaifinsa na wannan tafiya ba. Daga baya ya saɓa wa malamin nasa a wata mas'ala ta aƙida, ya kuma rubuta hakan a fili, amma bai daina yabonsa da ambaton falalarsa a kansa ba. Ina ganin wannan ya fi kowane wa'azi bayyana abin da magabata suke nufi da girmama malami. Ba su ɗauke shi a matsayin rufe baki ba.

Sai dai ƙofar ba a buɗe take ga kowa ba, musamman mata. Shehu da kansa ya soki malaman da ke koyar da almajiran waje su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ita ta mayar da wannan magana aiki. Ta lura matar aure a ƙauye ba za ta bar gida ta zo Sakkwato ko Wurno karatu ba, sai ta zaɓi dattijan mata masu hankali da riƙon amana ta naɗa su jaji. Takan ɗora wa jaji malfa a ka, ta ɗaura mata jan ƙyalle, alamar cewa an ba ta izini. Jajin za ta taho da ayarin tsofaffi da 'yan mata waɗanda ba su kai aure ba, a ƙafa, ɗauke da zuma da man shanu da hatsi. Su zauna su haddace waƙoƙin da Nana ta tsara kan tsarki da salla da tarihin Annabi da kyawawan halaye, su koma su rera wa matan da ke cikin gidaje. Kayan da suka kawo kuma ta rarraba wa mabukata. Waɗannan su ne 'Yan Taru, kuma bayan rasuwarta ƙanwarta Maryam ta ci gaba da riƙe su.

Da Turawa suka ci ƙasar a 1903, sun tarar da wannan tsari a tsaye. Ƙiyasin da aka yi a zamanin Gwamna Lugga ya nuna makarantun allo kimanin 25,000 a Arewa, da almajirai fiye da 200,000. Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, kuma ya gane cewa ba zai samu yara ba sai ya bi ta hannun malamai, don haka cikin waɗanda ya fara koyarwa akwai malaman zaure. Duk da haka jama'a ba su sakankance ba. Aka riƙa aza wa hakimai da dagatai su kawo yara, iyaye na ɓoye 'ya'yansu a rumbu ko su tura su ƙauyen dangi. Wasu masu sarauta suka riƙa miƙa 'ya'yan barorinsu a madadin nasu, kuma daga cikin waɗannan yaran ne wasu suka dawo suka zama manyan ma'aikata a kan 'ya'yan iyayen gidansu.

Kwalejin Katsina, wadda ta fara aiki a 1921 kuma Gwamna Clifford ya buɗe ta a hukumance a 1922, an kafa ta ne don horar da malamai. Wannan ya sa kusan duk wanda ya yi zurfi a boko a Arewa a wancan lokaci da alli ya fara. Ahmadu Bello ya gama a 1931 ya koyar a Midil ta Sakkwato har 1934. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya gama a 1933 ya koma Midil ta Bauchi. Abubakar Imam yana koyarwa a Midil ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja, kafin ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Aminu Kano ya koyar a Bauchi da Maru, shi ne kuma ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman Arewa a 1948. Shehu Shagari ya yi hedimasta a Argungu. Ta haka malamin boko ya gaji wani kaso na kwarjinin malamin zaure. A ƙauye shi ke karanta wa mutane wasiƙa, shi ke da keke, da shi ake shawara in baƙon gwamnati zai zo, kuma iyaye ba sa jinkirin ba shi 'ya.

An buɗe wa 'yan mata makarantu a Kano da Katsina a 1930, amma ƙalilan ne suka shiga. Manya kuma sai a shekarun 1950 aka waiwaye su da Yaƙi da Jahilci, inda magidanta suka riƙa zama a gindin bishiya da yamma suna koyon a, ba, ca, yawancinsu don su iya karanta takardar haraji da ta awon gyaɗa da auduga kada a cuce su.

Babban sauyi ya zo a watan Satumba na 1976, lokacin da gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da ilimin firamare kyauta ga kowa, wato UPE. An shirya wa yara kimanin miliyan 2.3 a aji ɗaya, sai ga wajen miliyan 3 sun bayyana. Wannan alheri ne da bai kamata a raina ba. Likitoci da lauyoyi da farfesoshi da yawa da muke taƙama da su yau 'ya'yan manoma ne da makiyaya waɗanda ba don UPE ba da ba su taɓa ganin cikin aji ba. Wanda ya san ƙauyensu kafin a gina waɗannan azuzuwa biyu masu jan kwano ya san abin da nake nufi.

Amma gaggawar ta zo da tsadarta. Ana bukatar malamai dubbai cikin ɗan lokaci, sai aka ɗebi waɗanda ba su gama ƙwarewa ba aka ba su horon wucin gadi, aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna a 1976 don ta riƙa cike giɓin. Da kuɗin mai ya ja baya a farkon shekarun 1980, nauyin albashi ya faɗa kan jihohi da ƙananan hukumomi, malamai suka fara yin watanni ba a biya su ba. Sai aka riƙa lallashinsu da cewa ladansu yana lahira. Iyaye kuwa an riga an ce musu kyauta ne, don haka suka janye hannu, suna ganin ciyar da malami ya zama aikin gwamnati. Malamin firamare ya rasa gudummawar unguwa, bai kuma samu tabbacin baitulmali ba. Masu ƙoƙari a aji suka daina zaɓen koyarwa, ta zama aikin da ake riƙewa kafin wani ya samu. Malamin allo shi ma bai tsira ba, domin da birane suka cika, zakkar hatsi da noman gayya suka ja baya, aka bar shi da yara masu yawa da babu mai aiko musu da ko mudu, bara ta zama ita ce abincinsu.

Gwamnatoci sun yi ta ƙoƙarin gyara. An kafa hukumar ilimin makiyaya a 1989. An ƙaddamar da UBE, magajiyar UPE, a Sakkwato a 1999, aka yi mata doka a 2004. A 2012 Shugaba Jonathan ya buɗe makarantar almajirai ta zamani a Gagi, cikin Sakkwato, aka gina irinta fiye da 150. A 2022 aka sa hannu kan dokar da ta ɗaga shekarun ritayar malamai zuwa 65, ko shekara 40 a bakin aiki. Tun 1994 kuma duniya ke bikin ranar malamai kowace 5 ga Oktoba, mu ma muna yi, ana jawabai ana raba kyaututtuka. Duk da haka alƙaluman UNICEF sun daɗe suna nuna yara fiye da miliyan 10 ba sa zuwa makaranta a Nijeriya, mafi yawansu a Arewa.

Inda na ga makarantu suna tsaye da ƙafarsu yau, sau da yawa wurare ne da mutanen gari suka koma ɗaukar nauyi da kansu. Islamiyyun unguwa da iyaye ke tara kuɗin wata su biya malamai suna cika maƙil, har da ajin matan aure da daddare. Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai suna komawa makarantunsu su gyara rufi, su nemo malamansu da suka yi ritaya su biya musu kuɗin asibiti, wasu har kujerar Makka. A wasu ƙauyuka kwamitin makaranta kan ba baƙon malami ɗaki da gona don kada ya nemi canjin wurin aiki, kuma a irin waɗannan garuruwa da wuya ka tarar da aji babu kowa ranar kasuwa.