Kaset Ɗin Mamman Sani Na 1978: Tsohon Kiɗa Cikin Sabuwar Riga

A shekarun 1970, mawaƙa a ƙasashe da dama sun shiga gauraya kiɗan gargajiya da kayan kiɗan zamani. A tsibirin Jamaika, inda kiɗan rege ya samo asali, Count Ossie da ƙungiyarsa sun fitar da Grounation a 1973, faifan garmaho guda uku da suka haɗa gangunan 'yan Rasta da ƙahonin kiɗan jaz da karatun waƙe. Masana kiɗa har yau suna yaba wannan aiki. Abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne, a maƙwabciyarmu Jamhuriyar Nijar an yi wani aiki makamancinsa bayan shekara biyar kacal.

Mai wannan aiki shi ne Mamman Sani Abdullahi. Yana aiki da hukumar UNESCO ne ya haɗu da wani wakili daga ƙasar Ruwanda wanda ya zo taro da ogan, wato na'urar kiɗa mai kama da fiyano da ke aiki da lantarki, ƙirar Italiya mai suna Orla. Sautinta ya shiga ransa, ya lallashi mai ita har ya sayar masa. Maimakon ya riƙa kwaikwayon kiɗan Turawa da ita, sai ya ɗora mata karin waƙoƙin gargajiya na ƙasarsa, irin na Fulani Wodaɓe da na Buzaye, tare da waɗanda ya ƙirƙira da kansa, kamar Salamatu.

A 1978, zamanin mulkin Seyni Kountché, ya ɗauki kiɗa shida a gidan rediyon ƙasa da ke Yamai. Yakan kaɗa kashi na farko a naɗe, sa'an nan ya ɗora na biyu a kansa. An shirya fitar da kaset ɗin tare da ma'aikatar al'adu, amma shirin bai kai gaci ba, kimanin kaset ɗari kawai aka buga. Duk da haka kiɗan bai mutu ba, domin rediyo da talbijin na Nijar sun shekara da shekaru suna sa shi tsakanin shirye-shirye. Jama'a suka san kiɗan, ba su san faifan ba.

Sai bayan shekara talatin da ɗoriya wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya ci karo da kaset ɗin a cikin tarin tsofaffin kasakasai a Yamai. Ya nemi Mamman Sani, kuma a 2013 kamfaninsa Sahel Sounds ya sake fitar da aikin da sunan La Musique Électronique du Niger. Daga nan sunansa ya kai Turai da Amurka.

To, 'yan'uwa marubuta, da wannan kaset ɗaya ya lalace kafin baƙon ya iso fa? A nan ƙasarmu, daga Ƙafin Maiyaki zuwa Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa, akwai makaɗan noma da na biki da aka naɗe muryoyinsu a kaset, yanzu kasakasan suna cikin akwatuna, zafi da ƙura suna cin su. Masu su kuma suna tsufa. Kowannenmu ya nemi guda a garinsu, ya kwafe shi, ya rubuta sunan makaɗin da shekarar da aka ɗauka tun masu ba da labarin suna raye. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.