Mulholland Drive: Tarihin fim ɗin da ya ƙi ba da amsa

Mai karatu, idan ka saba da irin finafinan da a ƙarshe ake kama mugu, a ɗaura auren jarumi da jaruma, kowa ya tashi ya kaɗe rigarsa, to fim ɗin Mulholland Drive zai iya ɓata maka rai. Tun da ya fito a 2001 masu kallo da masu sharhi ke ta ja-in-ja a kan abin da ya faru a cikinsa. Shi kuwa daraktan, David Lynch, har ya rasu a watan Janairun 2025 bai yarda ya warware wa kowa ƙullin ba. Amma akwai hanyar da za ta rage maka ruɗani, wato ka fara sanin yadda aka yi aka haifi fim ɗin.

Asalinsa ba fim ɗin sinima ba ne. A 1999 Lynch ya ɗauki kashin farko na wani shiri mai dogon zango domin gidan talbijin na ABC a Amurka, gidan da ya nuna shirinsa Twin Peaks daga 1990 zuwa 1991. Ka san ƙa'idar irin wannan shirin: a kashin farko ana baza mutane da matsaloli ne barkatai, a bar warwara sai makonni masu zuwa. Da manyan gidan suka kalla sai suka ce ya yi tsawo, ga jan jiki. Ya rage shi, duk da haka suka yi watsi da shi. Aikin ya kwanta, har sai da kamfanin StudioCanal na Faransa ya zuba kuɗi. A 2000 Lynch ya sake kiran 'yan wasan, ya ɗauki ƙarin fitowa, ya ɗinka wa labarin ƙarshe. A bikin Cannes na 2001 ya raba kyautar gwarzon darakta da Joel Coen.

Ga labarin a taƙaice. Wata mata mai baƙin gashi ta tsira daga haɗarin mota a kan titin Mulholland da ke tsaunukan Los Angeles, amma ta manta ko ita wace ce. A jakarta akwai damin kuɗi da wani shuɗin makulli. Ta ɓuya a wani gida, inda Betty, wata yarinya mai fara'a da ta zo daga Kanada neman zama tauraruwa, ta same ta. Matar ta ari sunan Rita daga hoton tallar wani tsohon fim da ke jikin bango. Bincikensu ya kai su gidan wata Diane Selwyn, suka tarar da gawa a kan gado. A gefe guda kuma wasu masu ƙarfi a ɓoye suna tilasta wa wani darakta, Adam, ya ba wata Camilla Rhodes babban matsayi a fim ɗinsa.

To fa, a nan gizo ke saƙar. Cikin dare matan biyu suka je wani gidan wasa mai suna Silencio. Mai gabatarwa ya shaida wa 'yan kallo cewa babu makaɗa, duk sautin da suke ji naɗaɗɗe ne. Mawaƙiya Rebekah Del Rio ta fito tana rera waƙa har suka yi ta kuka, sai ta yanke jiki ta faɗi, muryar kuma ta ci gaba da tashi. Betty ta tsinci shuɗin akwati a jakarta. Da suka koma gida Betty ta ɓace, Rita ta buɗe akwatin, sai komai ya juye. Naomi Watts da ke fitowa a Betty ta koma Diane, 'yar wasan da ba ta yi sa'a ba. Laura Harring da ke Rita ta koma Camilla, tauraruwar da Diane ke so, wadda ta guje ta ta koma wa Adam. Diane ta biya ɗan ta'adda ya kashe ta, daga baya ta harbe kanta. Sai dai in ja kunnenka, akwai fitowar tsiraici da soyayyar mace da mace, don haka ba fim ɗin zaman falo da iyali ba ne.

Fassarar da ta fi karɓuwa ita ce kusan sa'o'i biyun farko mafarkin Diane ne, ragowar kuma zahiri. Hujjojinta na da ƙarfi. A farkon fim ɗin kyamara na nutsewa cikin matashin kai. Sunan Betty kuwa yana maƙale a rigar mai kawo abinci a shagon Winkie's, inda Diane ta yi ciniki da makashin. Shi ne ya nuna mata shuɗin makulli a matsayin alamar aiki ya kammala. Wato a mafarki ta gyara duk abin da ya lalace mata: ita ce mai baiwa, Camilla ta tsira kuma ta dogara da ita, rashin samun matsayi kuwa laifin wasu 'yan mafiya ne.

To amma shin wannan ta rufe magana? Ina! Diane ta ce gwaggonta Ruth ta rasu ta bar mata gado, to me ya sa muka ga gwaggon ta leƙo ɗaki bayan akwatin ya faɗi, lokacin da babu Betty babu Rita? Wane ne baƙin dodon nan na bayan Winkie's, kuma yaya aka yi akwatin ya koma hannunsa? Tsofaffin nan biyu da suka rako Betty daga jirgi suna murmushi, me ya mai da su 'yan mitsi-mitsi masu farautar Diane? Shi ya sa wasu ke cewa dukkan ɓangarorin biyu mafarki ne, wasu kuma na ganin rayuwa biyu ce ta mace ɗaya aka jera.

A nan tarihin zai yi maka amfani. Wasu tambayoyin ragowar shirin talbijin ne kawai. Ɗan sandan ciki da Robert Forster ya fito a matsayinsa ya bayyana a wurin haɗarin, daga nan ba mu ƙara ganinsa ba. Baƙin littafin da makashin ya kashe mutum uku a kansa, ba a taɓa gaya mana amfaninsa ba. Masu suka na cewa ai faci ne aka yi wa tsumma, aka kira shi hikima. Ni a ganina sun faɗi rabin gaskiya. Facin na nan, sai dai dabarar Lynch ita ce ya nemo irin labarin da yankakkun zaruruwa suka dace da shi, domin haka mafarki yake, mutum ya shigo ya fita ba sallama. Kuma ba shi ya fara ba. Tun 1929 Luis Buñuel da Salvador Dalí suka yi Un Chien Andalou a Faransa, inda suka jera hotuna bisa tsarin mafarki, ba bisa dalili ba.

Da fim ɗin ya fito a faifan DVD, an saka wata 'yar takarda mai ɗauke da alamu 10 daga Lynch, kusan dukkansu tambayoyi ne ko umarnin a lura da wani abu, kamar jar fitila da mazubin tokar sigari. Ko rarraba faifan babi-babi bai yarda an yi ba. Darajar fim ɗin kuwa sai hawa take: a 2016 masu sharhi 177 da BBC ta tambaya suka zaɓe shi fim mafi kyau na ƙarni na 21, a 2022 kuma ya zo na 8 a zaɓen mujallar Sight and Sound.

Abin da ba ya cikin duhu shi ne halin da Diane ta shiga. Holiwud ta yi mata alkawari da murmushi, ta bar ta a ɗaki ita kaɗai da hassada da nadama. Ita kanta Naomi Watts ta shafe shekaru tana zaryar gwaji ba ta samun babban aiki kafin wannan fim ya ɗaga ta. Don haka idan za ka kalla, kalli sau biyu. A karon farko ka bi labarin yadda ya zo, a na biyu ka lura da fuskokin da suka taru a liyafar gidan Adam, ka ƙirga nawa ka riga ka gani da wani suna daban.