Sojan da Aka Kafa Don Illo, Jirgin da Bai Je Illo Ba

A tsakar daren 30 ga Satumba 1960, a filin sukuwa na Ikko, aka sauke tutar Ingila aka ɗaga ta Nijeriya. Kyaftin David Ejoor ne ya jagoranci sojojin da suka yi gadin tutar a daren, da gari ya waye kuma Gimbiya Alexandra ta miƙa wa Abubakar Tafawa Ɓalewa takardun mulkin kai. Wanda ya kalli hotunan bikin zai ga sahu-sahun soja cikin kaki mai sitati, ga 'yan badujala, ga hafsoshi da takubba, kamar daga ƙasa suka tsiro. Ba daga ƙasa suka tsiro ba. Manyan barikokin da rundunar take da su a zamanin, wato Kaduna, Zariya, Ibadan, Abekuta, Inugu da Ikko, babu ɗaya da ba a bakin layin dogo yake ba. Da gangan aka tsara haka: a taragon jirgin ƙasa ake tara sojan Nijeriya, ko don yaƙi ko don biki.

Abin mamakin shi ne, rikicin da ya haifi wannan runduna ya faru ne a wurin da jirgin bai taɓa zuwa ba har yau, wato gaɓar Kwara ta wajen Illo, cikin ƙaramar hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi, dab da iyakar Jamhuriyar Benin.

A ƙarshen ƙarni na 19 Ingila da Faransa sun yi ta ja-in-ja a kan ƙasar Borgu. A Nuwamba 1894 Frederick Lugard, wanda Hausawa suka sani da Lugga, ya riga Bafaranshe Decoeur isa Nikki da 'yan kwanaki, ya karɓo wa kamfanin Royal Niger takardar yarjejeniya. Faransawa suka ce takarda ba ta mallakar da ƙasa, sai wanda ya girke soja a wuri shi ke da shi. A 1897 suka girke nasu a Busa da wasu garuruwan bakin kogin. Abin da suke nema mashiga ce a Kwara wadda jirgin ruwa zai iya kaiwa daga teku. Joseph Chamberlain, sakataren ƙasashen mallaka a Landan, ya ga 'yan sandan kamfani ba za su iya da wannan ba, ya sa aka kafa rundunar West African Frontier Force a shekarar, ya ɗora Lugga a kanta. Yawancin kuratan Hausawa ne da Yarabawa, Hausa ce kuma ta zama harshen bariki. A 1898 James Willcocks ya shiga da su Borgu, suka riƙa kafa tuta kusa da tutar Faransawa, ƙauye bayan ƙauye, kowa hannunsa a kan kunamar bindiga. Ba a kai ga harbi ba. Ranar 14 ga Yuni 1898 aka sa hannu a Paris: Nikki ta tafi ga Faransa, Busa da Illo ga Ingila, aka ce iyakar za ta taɓa kogin a wani wuri mai nisan mil 10 sama da Giris, mashigin jiragen ruwan Illo. Wannan layin ne, bayan 'yan gyare-gyare, ya raba Bagudo da Benin a yau. Daga baya Turawa suka cire Illo da Ka'oje daga Borgu suka haɗa su da masarautar Gwandu.

Sojan wannan zamani da ƙafa yake tafiya, 'yan alaro na biye da shi da kaya a ka. Rundunar Kanar Morland ta bar Zariya ranar 29 ga Janairu 1903, sai 3 ga Fabrairu ta ci Kano. A Fabrairun 1906, da mutanen Satiru suka karkashe sojan doki da Turawa uku a kusa da Sakkwato, sai da aka yi makonni kafin gudummawa ta iso, ba a murƙushe garin ba sai 10 ga Maris. A sanadin wannan tarzoma aka tuɓe Sarkin Gwandu Muhammadu Bashar. Mai hankali zai ɗauka cewa wannan firgici zai sa a ja layin dogo zuwa Sakkwato da Gwandu. Ina! Da aka amince da aikin a 1907, aka kuma kawo Percy Girouard, injiniyan reluwe na soja, ya gaji Lugga, sai aka ja layin daga Baro a bakin Kwara zuwa Kano. Auduga ake hange, masaƙun Lankasha ke matsa lamba. Abin da aka samu a ƙarshe gyaɗa ce. Layin ya isa Kano a 1911, ya haɗu da na Ikko a Minna a 1912, aka gama gadar Jebba a 1916. Kafin gadar, a jirgin ruwa ake haye da taragai.

Ranar 1 ga Janairu 1913 Lugga, wanda ya dawo a matsayin gwamnan Kudu da Arewa, ya yi babban hawan daba a Kano, zamanin Sarki Abbas. Sarakuna suka zo da dubban mahaya, sojan gwamnati kuma suka yi fareti a gabansu. Kusan shekara goma ke nan da cin birnin. Tafiyar da ta ci wa Morland kwana biyar ta koma ta 'yan sa'o'i. Sarakunan da suka halarta ba sa bukatar tafinta kafin su gane abin da ake faɗa musu: su sun yi makonni a hanya da dawakinsu, shi kuwa gwamna yana iya tara bindigoginsa a ko'ina a kan layin kafin labari ya gama zagaya kasuwa.

Ɗaukar shatar jirgi don soja ba ƙaramin aiki ba ne, kuma a nan ne ake ganin abin da biki ke ci. Layin guda ɗaya ne tal, mai faɗin ƙafa uku da rabi, daga Ikko zuwa Kano wajen mil 700. Jirage biyu ba sa wuce juna sai a tasha, inda ɗaya zai raɓe ya jira, kuma direba ba ya tashi sai tasha ta gaba ta ba da izini ta waya. Kan jirgin na tururi ne, yana cin kwal ɗin Inugu, yana tsayawa shan ruwa a kai a kai. Saboda haka jirgi na musamman ba ƙari ba ne kawai a kan jadawali, wani ne ake ture wa. Dole a ware taragai: faskila ga Turawan hafsoshi, na gama-gari ga sauran soja, buɗaɗɗu ga igwa da motoci, rufaffu ga dawaki tare da harawa da masu kula da su. Dole a san tashar da za a ci abinci, da wadda za a sauke dabbobi su sha ruwa. Har zuwa 1955 reluwe sashe ne na gwamnati, don haka kuɗin shata daga wannan aljihu yake fita ya shiga wancan. Daga shekarar ta zama hukuma mai cin gashin kanta, mai lissafin riba da asara. Ga kuma wani abu da ba a cika lura da shi ba. Manyan bukukuwan Arewa da rani ake yin su, lokacin da hanya ta bushe doki zai iya tafiya, wanda kuma shi ne lokacin kwasar gyaɗa. Dalar gyaɗar Kano da ake alfahari da ita a hotuna, a gaskiya shaida ce ta ƙarancin taragai, buhuna ne da ke jiran jirgi. Duk taragon da ya ɗauki soja ko doki zuwa biki, buhunan wani ɗan kasuwa ne suka ƙara kwana a rana.

A Afrilun 1925 Yariman Wales, wanda ya zama Edward na Takwas, ya hau jirgi na musamman daga Iddo zuwa Kano, aka yi masa hawan daba a zamanin Sarki Usman. Zuwa lokacin Kaduna ta riga ta karɓi hedkwatar Arewa daga Zungeru, an zaɓe ta ne saboda a nan layin ya haye kogi, ga fili, ga ruwa. Wurin horar da kurata na Zariya an buɗe shi a 1924, a mahaɗar layuka. Da Sarauniya Elizabeth ta zo a farkon 1956, Kaduna ce ta karɓi hawan, Sir Bryan Sharwood-Smith na gwamna, Sardauna Ahmadu Bello na firimiya. A wannan ziyarar aka raɗa wa rundunar suna Queen's Own Nigeria Regiment, Johnson Aguiyi-Ironsi kuma ya yi wa Sarauniya dogari.

A filin hawan kowa ya yi kyau. Amma ba hanya ɗaya ta kawo su ba. Sojan da ke kan layi ya kwana ɗaya ko biyu a tarago ya sauka da kakinsa a goge. Tawagogin masarautun nesa kuwa, da yawansu sun yi makonni suna tafe a kan kofato, suna yada zango. Mutumin ƙasar Gwandu, balle na Illo ko Ka'oje ko Lolo, tashar jirgi mafi kusa da shi tana nesa da ɗaruruwan kilomita. Reshen da ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya tsaya a Ƙaura Namoda a 1929, bai ƙara gaba ba. Ta kudu kuwa sai dai a bi Yawuri da Kwantagora a faɗa Zungeru, ko a shiga kwale-kwale a gangara Kwara, a tsallake duwatsun Busa da suka ci Mungo Park a 1806, a tarar da jirgi a Jebba.

Rashin jirgin bai tsaya ga wahalar zuwa biki ba. Kafin Turawa, Illo da Gaya mashigai ne na fataken goro, masu tasowa daga Gwanja su bi ta Jugu da Kandi su haye Kwara su nufi Jega, Sakkwato da Kano. Da layin dogo ya buɗe, goro ya koma bin teku zuwa Ikko, daga nan ya hau tarago. Jirgin da ya kai soja fareti shi ne ya kwashe ayarin da ke ciyar da waɗannan garuruwa. Garin da ake rububinsa a Paris a 1898 ya koma gefen taswira cikin shekara ashirin.

A ɗaya ɓangaren iyakar ma labarin bai bambanta ba. Faransawa sun ja nasu layin daga Kwatano da niyyar kai shi bakin Kwara. Ya isa Paraku a 1936 ya tsaya, daga nan zuwa Malanbil sai mota. Layin da kamfanin Bolloré ya shimfiɗa tsakanin Yamai da Doso daga 2014 bai taɓa yin jigilar da aka yi shi dominta ba. Bagudo na zaune ne tsakanin layuka uku da kowannensu ya ƙare kafin ya iso.

Taragon da ke tara soja yana kuma iya raba su. A Agustan 1966, bayan juyin mulkin 29 ga Yuli, aka yanke shawarar kowane soja ya koma yankinsa na asali, aka kwashe 'yan Arewa da ke barikin Inugu a jirgin ƙasa. Shekara shida ke nan bayan daren filin sukuwa, ba a cika shekara ba kuma yaƙin basasa ya ɓarke. Bayan yaƙin reluwe ta shiga lalacewa, soja ya koma manyan motoci da jiragen sama.

An ƙirƙiro Jihar Kebbi ranar 27 ga Agusta 1991, ta gaji masarautu huɗu, Gwandu, Argungu, Yawuri da Zuru, ba ta gaji tashar jirgin ƙasa ko ɗaya ba. Sabon layin da aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021 don haɗa Nijeriya da Nijar ya tashi ne daga Kano, ya bi ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya zuwa Maraɗi. Kayan da ke shiga ta Tsamiya daga Segbana kuwa, kamar sojan da ake turawa tsaron wannan iyaka, har yanzu a bayan mota suke zuwa.