Hannu Ko Lamba: Nazarin Ɗaurin Noti a Kekunan Riruwai

Keken da ke aiki a ƙasar Riruwai ba ya samun sauƙin da keken cikin birnin Kano ke samu. Garin, wanda shi ne hedikwatar ƙaramar hukumar Doguwa, yana cikin duwatsu ne a ƙuryar kudancin jihar, bayan an wuce Tudun Wada an ratsa dajin Falgore, dab da iyakar Kaduna da Bauchi. Hanyoyin ƙauyuka hawa ne da gangara, ga tsakuwa ga zaizayar damina, kuma sau da yawa akwai buhun masara ko jarkokin ruwa a kan kariya. Girgiza ita ce babbar mai kwance noti. Shi ya sa mai gyaran keke a irin wannan wuri ya tashi da ƙa'ida guda: ɗaure sosai, sannan ka ƙara. Ƙa'idar ta yi aiki shekara da shekaru. Abin dubawa shi ne ko har yanzu tana yi, kuma ko sifana mai awon ɗauri, irin wadda masu haɗa injin mota ke ɗaure kan silinda da ita, tana da gurbi a akwatin mai gyaran keke.

Abin da sifanar ke aunawa ƙarfin murɗa ne, kuma lissafinsa ba shi da wuya: ƙarfin da hannu ya sa, a ninka shi da tsawon sifana daga tsakiyar noti zuwa inda aka riƙe. Ana ƙidaya shi da Niyutan-mita, wato Nm ɗin da ake gani a rubuce a jikin kayan keke na zamani. Nauyin kilo 1 yana daidai da kusan Niyutan 10. Don haka wanda ya danna da ƙarfin kilo 5 a ƙarshen alanki mai tsawon santimita 10 ya ba da kusan 5 Nm. Idan ya zura wa alankin bututu ya kai santimita 30, wannan dannawar dai ta zama 15 Nm, alhali shi a hannunsa bai ji wani bambanci ba. Hannu yana sanin ƙarfin da ya fitar, amma ba ya lissafa tsawon abin da ya riƙe.

Ana danganta ƙirƙirar wannan sifana ga Conrad Bahr, ma'aikacin hukumar ruwa ta birnin New York a Amurka, a shekarar 1918, saboda notunan bututun ruwa da ake lalatawa da yawan ɗauri. Tun asali ke nan an yi ta ne don hana wuce gona da iri, fiye da don hana sakaci.

Me ya sa yawan ɗauri ke ɓarna? Ƙusa mai haƙora, idan aka ɗaure ta, miƙewa take yi kaɗan, miƙewar da ido ba ya gani, kuma ƙoƙarinta na komawa yadda take shi ne ke matse abubuwan da aka haɗa. Injiniyoyi suna da ƙiyasi mai sauƙi: ƙarfin murɗa daidai yake da matsin ƙusar, sau kaurinta, sau wani adadi na gogayya wanda yake kusan 0.2 idan haƙoran a bushe suke. A ɗauki ƙaramar ƙusa mai kaurin milimita 5, irin wadda ke riƙe kan keke a wuyansa. A 5 Nm, lissafin yana ba da matsin Niyutan 5,000, wato kimanin rabin tan, daga abin da yatsu uku suka murɗa. Ƙusa irin wannan, mai lambar ƙarfi 8.8, tana fara miƙewar da ba ta dawowa ne da zarar an haura Niyutan 8,000 da 'yan kai. To a kai ta 10 Nm, wanda ba komai ba ne a hannun ƙato, matsin ya kai 10,000. Ƙusar ta riga ta ji rauni ko da ba ta tsinke a gaban mai gyara ba. Za ta tsinke wata rana, kuma ƙusar da ke riƙe kan keke ta fi shan wahala ne a gangara, lokacin da nauyin mahayi ya koma gaba.

Sai dai akwai abin da masu tallar kayan aiki ba su cika faɗa ba. Kusan kashi 90 cikin 100 na ƙarfin da aka murɗa yana ƙarewa ne a gogayya, wani a ƙarƙashin kan noti, wani a cikin haƙora. Kashi 10 kacal ke zama matsi. Ma'ana, sifanar ba ta auna abin da ake buƙata kai tsaye, tana auna wani abu ne da ake fatan ya yi daidai da shi. A shafa giris, adadin gogayya ya sauko zuwa kusan 0.15, sai 5 Nm ɗin nan ya ba da matsin da ya haura Niyutan 6,600. A bar tsatsa da ƙurar hunturu a haƙoran, sifanar za ta nuna an kai lamba alhali ƙusar ba ta matse komai ba. Littattafan injiniyoyi suna ƙiyasta cewa kuskuren matsi da wannan sifana yana kai kashi 25 cikin 100 sama ko ƙasa, na ƙwararren hannu kuwa kashi 35. Tazarar ba ta kai yadda ake zato ba. Amma a lura da sharaɗin: ƙwararren hannu, a kan ƙarfen da ya saba da shi.

A kan wannan sharaɗi maganar Riruwai ta rataya. Keken da ya raini masu gyara a Arewa shi ne dogon baƙin keke mai taya inci 28 da birkin sanda: Raleigh na Nottingham a Ingila, wanda har masana'anta ya yi a Kano, sannan Phoenix na Shanghai da Hero na Ludhiana a Indiya da suka bi sawunsa. Komai nasa ƙarfe ne mai kauri, notunansa manya, kuma ƙarfe yana gargaɗi kafin ya ba da kai: mai gyara yana jin lokacin da noti ya fara laushi a hannu, sai ya tsaya. Bugu da ƙari, wuraren da suka fi ba da wahala a wannan keke ba wuraren lamba ba ne sam. Kotafin da ke riƙe ƙafar feda misali ne mai kyau. Ƙusa ce mai gefe ɗaya a fafe, kuma guduma ko matsi ke zaunar da ita, ƙaramin notin da ke bayanta tsaro kawai yake yi. Duk wanda ya ce da notin zai ja ta ciki, haƙoran za su cinye, ko da wace irin sifana ya yi. Boris ɗin cibiyar taya kuwa ana saita shi ne da yatsu, a nemi wurin da ba ya kaɗawa kuma ba ya cijewa. Wayoyin taya ana jin su da matsawa da kuma sautin da suke yi. A wannan keke, in ban da notunan aksul da ke son 30 zuwa 45 Nm, wanda kowace sifana mai matsakaicin tsawo ke bayarwa, sayen sifana mai awo ɓarnar kuɗi ce, kuma ban ga dalilin da zai sa a yi wa mai gyara kallon wanda ya rasa wani abu ba.

  

Abin da ya canza shi ne keken kansa. Babur ya karɓe yawancin dako mai nisa, kekunan da ke shigowa hannun 'yan makaranta da matasa kuma da yawansu na gwanjo ne daga Turai da Asiya, masu giya da birkin waya, wuyansu da sandar sirdinsu da ƙafar fedarsu na alminiyam. Alminiyam nauyinsa kusan sulusin na ƙarfe ne, kuma ya fi shi laushi nesa ba kusa ba. A irin wannan keke ƙusar ƙarfe tana shiga kai tsaye cikin haƙoran da aka yanka a jikin alminiyam, babu noti a baya da za a canza idan ya lalace. Haƙoran suka cinye, wuyan gaba ɗaya ya tashi aiki, kuma samun irinsa sai an aika Kano, in ma an dace. Alminiyam ba ya yin gargaɗin da ƙarfe ke yi: yana riƙe, yana riƙe, sai kawai alanki ya juya a banza. Hannun da ya ƙware a kan Phoenix yana kawo wa ƙaramar ƙusa ƙarfin da ya saba ba babba.

Kuskuren kuma fuska biyu gare shi, kuma wannan ne ya fi jan hankalina. Mutane suna wuce kima a ƙananan ƙusoshi, suna gazawa a manya. Ƙusoshin wuya da na maƙallin sirdi yawanci 4 zuwa 6 Nm suke so, na birki 6 zuwa 8. Amma ƙusar da ke riƙe ƙafar feda a kan aksul mai kusurwa huɗu tana son 35 zuwa 50, feda kanta 35 zuwa 55 a ƙa'idar kamfanin Shimano, murfin da ke kulle haƙoran giyar baya kuma 40. Da guntun alanki mai santimita 15, kafin a kai 40 Nm sai an danna da ƙarfin kilo 27, abin da ba kowa ke yi ba. Ƙafar feda da ba ta ɗauru ba takan fara ƙara, ta riƙa motsi a kan aksul, ƙarfen ya ci ramin alminiyam ya faɗaɗa shi. Daga nan ko an ɗaure ta kowace safiya sai ta kwance kafin la'asar. Mai keke zai ce kayan gwanjo ba su da ƙwari, alhali ɗaurin farko ne bai kai ba. Fedar hagu ma tana da nata tarkon, domin haƙoranta na hagu ne, kuma wanda ya tilasta ta ta hanyar dama ya gama da ƙafar, lamba ko babu lamba.

To idan lambar ce ke da muhimmanci, dole ne sai da sifanar? Ba dole ba. Sikeli mai ƙugiya, irin wanda ake rataya kaya a auna, yana yin aikin. A auna tsawon sifana, a saƙala ƙugiyar a ƙarshenta, a ja a miƙe ta gefe yadda sikelin da sifanar za su yi kusurwa irin ta ginin ɗaki. Sifana mai santimita 30 da aka ja har sikeli ya nuna kilo 13 da rabi ta ba da 40 Nm. Yaron shago da ya yi haka sau da yawa zai san yadda 5 take da yadda 40 take a damtsensa, kuma wannan horo, a ganina, ya fi mallakar kayan aikin amfani, tunda shi ne zai bi shi duk inda ya je.

Wanda kuma ya ga yana da cinikin da zai sa ya saya, sai ya san irin da zai ɗauka. Mai ƙara, wadda ke yin ƙas idan an kai lamba, sifirin ne a cikinta. Tana son a mayar da ita ƙaramar lamba bayan aiki, ba ta son faɗuwa, ba a kwance noti da ita, kuma ƙa'idar ISO 6789 ta ce a sake gwada ingancinta bayan wata 12 ko amfani 5,000. Wurin irin wannan gwaji ba ya kusa da Doguwa. Mai allura, wadda sandarta ke lanƙwasa allura ta nuna lamba, ba ta da abin lalacewa a ciki: in allurar ta kauce daga sifiri, a tanƙwara ta da hannu ta dawo. Ita ta fi dacewa da rumfar da ƙura ke shiga. Ko wacce aka saya, ana iya gwada ta a gida: a damƙe bakinta yadda ba zai juya ba, sandar a kwance, a rataya jarkar ruwa mai lita 10 a santimita 25 daga bakin. Lita 1 na ruwa kilo 1 ne, don haka ya kamata ta nuna kusan 24 da rabi, da ɗan ƙari saboda nauyin jarkar da na sandar.

Sifana guda ba ta ɗaukar aikin duka. Ingancin waɗannan sifanu yana farawa ne daga kusan kashi 20 cikin 100 na iyakar lambarsu, saboda haka babbar da makanikin mota ke da ita, mai kai 200 Nm, ba ta san 5 ba balle ta auna ta. Mai kai 60 za ta yi ƙafar feda da aksul, har ta taimaka a wasu notunan babur, wanda zai sa masu gyara biyu ko uku su iya haɗa kuɗi su saya tare. Ƙananan ƙusoshin wuya da sirdi kuwa akwai ɗan alanki da aka saita shi a 5 Nm tun daga masana'anta, wanda ke sulɓewa da kansa idan an kai, kuma shi ya kamata a fara nema, domin a nan ne ɓarnar ta fi yawa kuma kayan suka fi wuyar samu.